Goggo Kande da 'Ya'yan Kwalba

A Idi-Araba ta Legas in ka ce Kande sai an tambaye ka wace Kanden, don muna da Kande mai tuwo, muna da Kande mai faɗa, akwai ma wata Kande da ba sunanta Kande ba. Amma in ka ce Kande mai goyo, kowane ɗan okada zai sauke ka a ƙofar gidanmu bai tambayi hanya ba. Ita ce Goggona, yayar babana. Ni kuwa Badiyya sunana, ina soya awara, kuma duk duniya ba wanda ya san Goggo kamar ni, don a bayanta na yi wayo, a ɗakinta nake kwana har yau, minsharinta ma ni kaɗai nake sha.

A bayan motar albasa ta zo Legas tana amarya, ita da mijinta Baballe mai sayen fata a abatuwar Agege. Ta ce sai da babbar Sallah ta zagayo sannan warin albasa ya bar gashinta. Warin fatar Baballe kuwa bai taɓa barin ɗakin ba, har yanzu in an yi ruwa sai ya taso mu gaisa.

Allah bai ba Goggo haihuwa ba. Wata da sai ta zauna ta yi ta kuka. Ita sai ta kwashe 'ya'yan unguwa gaba ɗaya. Duk matar da za ta yi sammakon kasuwar Mile 12 saro tumatir, a wurin Goggo take ajiye jaririnta. Hausawa, Yarabawa, Inyamurai, Katafawa, ba ruwanta, muddin kana da baki kana kuka to bayanta naka ne. Akwai wani ƙaton kwandastan danfo mai tabo a goshi, kowa tsoronsa yake, amma in ya hango Goggo sai ya diro daga mota ya kwanta mata a ƙasa irin gaisuwar Yarabawa, fasinjoji suna zaginsa. Ita ta koya masa zama a fo.

Goggo ba ta da fili, ba ta da gwal. Abu ɗaya take da shi, shi ne sunanta: ba abin da ya taɓa mutuwa a rainonta. Ba ɗan mutum ba, ba ɗan tsako ba, ba talotalo ba, har wani ɗan akuya da aka yanka uwarsa a abatuwa Baballe ya kawo shi cikin buhu, ya rayu ya zama bunsuru ya tunkuyi liman. A gidan biki take faɗa, a cikin danfo take faɗa: "Ba a taɓa ɗaukar gawa daga hannuna ba." Sai ta ƙara da sauri, "Da ikon Allah." Ranar da Baballe ya rasu wata mara kunya ta so ta soke ta da maganar, Goggo tana cikin hawaye ta ɗago kai ta ce, "Shi ba rainona ba ne, ƙato ne da gemunsa. Kuma a Shagamu ya cika."

To bayan rasuwarsa abubuwa suka yi sanyi. Matan zamani suka fara kai 'ya'yansu wani gida mai fenti da hoton agwagwa a bango, wai a can ake koya musu Turanci tun ba su fara zama ba. Bayan Goggo ya zauna ba kowa. Ta rame, ta koma yi wa kajin maƙwabta faɗa.

A shekarar da sojoji suka koma bariki mutane da yawa suka dawo daga waje, har da wata Dakta Nendirmwa, 'yar Pankshin, siririya mai tabarau, Kirista ce, Hausarta ta Jos mai laushi. Ba likitar allura ba ce, ta bincike ce. Ta kama saman benen da nake soya awara a gindinsa, kan wani kyamis, ta cika shi da kwalabe da firij da injuna. Ta ɗauko wani Oga Wilson, mutumin Kafanchan, mai kula da janareto da wayoyi, shi kuma in bai yi gardama ba ranar ba ta yi masa daɗi. Kullum Dakta sai ta sauko ta sayi awarata. Rannan ta ce tana neman mai wanke kwalba, mace mai tsafta wadda ba ta da surutu. Na ce ga Goggona, tsafta dai akwai.

Haka Goggo ta hau bene.

Abin da ke saman nan, wallahi in ba ka gani ba sai ka ce ƙarya nake. Akwai wani akwati kamar firij, amma ɗumi ne a cikinsa, daidai ɗumin jikin mutum. A ciki an kwantar da wasu kwalabe masu faɗi, kowace da ɗan ruwa kalar zoɓon da aka cika wa ruwa. Ka duba ba ka ga komai ba. Amma wai a manne da gindin kwalbar akwai ƙwayoyi masu rai, ƙwayoyin kansa, ciwon dajin nan, an kawo su daga waje a daskare Dakta tana kiwonsu. Ruwan nan shi ne abincinsu. In sun cinye sai ya koma ruwan ɗorawa kamar fitsari, sai a zubar a sa musu sabo. Ba sa son sanyi, ba sa son ƙazanta, ko numfashi ka yi a kansu sai su kwanta ciwo.

Goggo ta saurari wannan bayani har ƙarshe, ta ce, "Likita, ai sai ki ce min jarirai ne. Kin tsaya kina ta kewaye-kewaye."

Dakta ta yi dariya. Da ta san abin da dariyar nan za ta jawo mata da ba ta yi ba.

Ba a daɗe ba ta lura hannun Goggo ba ya rawa, kuma wanke hannunta ya fi na masu tiyata. Sai ta koya mata canza ruwan: a sa safar hannu, a goge ko'ina da sifirit, a zauna gaban wani akwatin gilashi mai hura iska, a zuƙe tsohon ruwa, a zuba sabo a hankali ta gefe. Ta kama hannunta ta ce, "Mama, in waɗannan suka mutu, aikina ya mutu."

Goggo ta ce, "A hannuna? Je ki huta, 'yata."

Har makulli ta ba ta, don ranar Lahadi Dakta wuni take a coci, su kuwa ƙwayoyi ba su san Lahadi ba.

Daga nan Goggo ta dawo mutum. Ta yi ƙiba, ta bar kajin mutane suka sarara. In kwalba ta cika, Dakta takan raba ƙwayoyin gida biyu, Goggo ta ce haihuwa ce, ta raɗa wa sabuwar suna da ranar da aka raba ta. Akwai Talatu, akwai Ɗanjuma, akwai wani Ɗanlami mai cin tsiya, kullum ruwansa ne ke fara yin ɗorawa. In ta dawo gida labarinsu za ta yi ta ba ni har in ce, "Goggo, don Allah, kansa ce fa." Sai ta ce, "Mai maciji ma ai yana ba macijinsa ƙwai. Ni an ce in raina, ba a ce in yi musu shari'a ba."

Yadda ake sanin suna da rai ko sun mutu, shi ne abin da ya fi burge ni. Ido ba ya gani, ba sa kuka, ba sa motsi. Sai da rini. Dakta tana da rini iri biyu a 'yan kwalabe, ta nannaɗe su da takardar azurfa irin ta cikin kwalin sigari, don haske yana lalata su. Sai ta ɗebo ƙwayoyin kaɗan, ta ɗiga musu rinin, ta shafa a ɗan gilashi, ta shige wani ɗaki da aka toshe tagoginsa da baƙin yadi. A ciki akwai wani babban madubin ƙara girman abu, mai ido biyu da shuɗiyar fitila. Ranar da na nace ta bar ni na leƙa, saura kaɗan in faɗi. Baƙi ƙirin, sai ga wasu 'yan ɗigo-ɗigo suna walƙiya kore shar, kamar ka hau gada ka hango fitilun Legas. Can gefe guda ɗaya ja kamar garwashi.

Oga Wilson ya fara min bayani da Turanci, na ce ya sauko ƙasa. Ya ce koren rini kowace ƙwaya yake shiga. Jan kuwa ba ya iya shiga mai rai, don fatarta a rufe take gam, sai wadda ta mutu fatar ta yage. In ya shiga sai ya danne koren. Na ce, "Oho. Koren kamar ni ne, kowane ɗaki faɗawa yake ba sallama. Jan kuma sai ya ga ƙofa ta ɓalle." Ya ce ba haka ba ne, can kuma ya ce to kusan haka ne.

Nan take na ce Dakta ta sam min koren in shafa a farce, bikin ƙawata Mariamu ya kusa, in an ɗauke wuta ni kaɗai za a gani a filin rawa. Ta ce guba ne, ko taɓa shi ba a yi sai da safar hannu, kuma ba ya walƙiya sai a ƙarƙashin fitilarta. Na ce ta ara min har fitilar. Ta kore ni.

Goggo ita abu ɗaya ta riƙe: kore rai, ja gawa. Duk ranar rini sai ta tsaya a bakin ɗakin duhu kamar a ƙofar ɗakin haihuwa. Dakta na fitowa sai ta ce, "Yaya?" Dakta ta ce, "Kore, Mama." Goggo ta rangaɗa guɗa har mai kyamis ya leƙo.

Wata Asabar da rana aka ɗauke wuta, janareton Oga Wilson ya yi tari ya yi shiru. Akwatin ɗumi ya fara hucewa, Dakta tana ta safa da marwa tana "Yesu na, Yesu na." Goggo ta buɗe akwatin. Ta ɗaure murafan kwalaben tam, ta naɗe su a tawul, ta sunkuya ta ɗora a baya, ta ja zani ta ɗaure da majanyi. Ta sauko a hankali ta zauna a bencina tana ɗan jijjiga. Wata mata mai sayen awara ta ce, "Mama, an samu ƙaruwa ne? Kai, yaron nan akwai haƙuri." Ta kai hannu za ta shafa kansa, ta ji ƙwal. Ko awarar ba ta tsaya karɓa ba.

Da aka yi rini, kore. Oga Wilson ya ce a zafin Legas ko a kan tebur aka bar su ba abin da zai same su, Dakta ma ta ce gaskiyarsa ce. Goggo ta ce mutumin da ya kasa tayar da janareto ba shi da bakin magana a kan goyo.

To ga inda aka samu matsala. Ashe duk kiwon nan da ake yi, kiwon yanka ne. Ainihin aikin Dakta shi ne gwada wata saiwa da kakarta take haƙowa a dutsen garinsu, ta ga ko tana kashe ƙwayoyin kansa. Sai ta raba kwalaben biyu. Rabi ta bar su yadda suke, su zama ma'auni. Rabi ta ɗiga musu ruwan saiwar ta manna musu tef a wuya, ta bar su daga Juma'a zuwa Litinin. In rini ya nuna marasa tef kore, masu tef ja, to saiwa ta yi aiki. Ja take nema ido rufe. Amma ba wanda ya zaunar da mu ya faɗa mana haka. Abin da ta ce da Goggo kawai shi ne, "Masu tef ɗin nan kar ki taɓa su, Mama."

Lahadi Goggo ta je ba da abinci. Ta gama da marasa tef, ta ce bari dai ta leƙa sauran a wani ƙaramin madubi da Dakta ta koya mata dubawa. Ta ga sun ƙanƙance, sun dunƙule, wasu sun fara sakin gindin kwalba suna yawo. Har da Ɗanlami. Ta dawo gida ranta a ɓace ta ce min, "Likita yarinya ce, ba ta taɓa raino ba. Yara suna jin jiki ta ce kar a taɓa su."

Na ce, "Sai kika yi yaya?"

"Na zubar da wannan ƙazamin ruwan, na ɗauraye su, na ba su sabo. Kar ki faɗa mata, kar ta ji kunya."

Litinin aka yi rini. Dakta ta fito fuska a yamutse ta ce, "Kore, Mama. Duk kore." Goggo ta saki guɗa. Dakta ta dube ta kawai ta wuce.

Juma'a ta ƙara yawan saiwar. Lahadi Goggo ta ƙara yawan jinya. Haka aka yi ta yi mako bayan mako, ɗaya tana kashewa ɗaya tana rayarwa, kowacce tana ganin ita kaɗai ke wahala a benen nan. Dakta ta zargi rinin, ta sayo sabo. Ta zargi fitila, ta zargi Oga Wilson, ta aika Pankshin a tambayi kawunta ko saiwar wani iccen ya haƙo mata. Ta ƙara sirancewa har tabarau yana zamowa. Ni da Goggo muka zauna muka yanke cewa namiji ne yake wahalar da ita. Goggo har ta fara yi mata sha'awar Oga Wilson.

Rannan ta sauko ta zauna a bencina, ta sayi awara ta ce kar in sa yaji. Nan na san abin ya yi tsanani. Ta ce, "Badiyya, zan rufe wurin nan in koma Jos. Duk abin da na sa musu, ba sa mutuwa."

Raina ya ɓaci. Ni ba na ɓoye magana. Na ajiye matsami na ce, "Anti Dakta, ke dai wallahi ba ki da godiya. Ba sa mutuwa don wa? Tsohuwar nan da ciwon gwiwarta take hawa bene duk Lahadi, ta wanke miki masu tef ɗin nan da kika bari cikin ƙazanta, ta ba su sabon abinci. Da ba don ita ba da tuni kin kwashi gawa. Ko sannu ba ki taɓa ce mata ba."

Awarar ta tsaya mata a hannu. Ta ce, "Ta me?"

"Ta wanke su. Tas."

"Duk Lahadi?"

"Ko ruwa ake."

Ta cire tabarau ta ajiye a benci. Ta rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunta suna rawa. Har yau ban san kuka ta yi ko dariya ba, ina jin haɗawa ta yi. Sai ta miƙe ta hau bene da gudu, na bar kaskona a wuta na bi ta, don ba a yin irin wannan ba ni.

Goggo tana wanke kwalba. Dakta ta ce, "Mama! Masu tef ɗin so nake su mutu! Don su mutu na sa musu saiwar!"

Goggo ta kashe famfo. Ta goge hannu a zani, a hankali. "Sake faɗa."

"Aikin ke nan. In sun yi ja, na ci nasara."

"Ke da bakinki kika ce in sun mutu aikinki ya mutu."

"Wancan rabin nake nufi!"

"Au, yaran ma kashi biyu ne, na so da na ƙi?" in ji Goggo. "Ki ba ni abu in ciyar, in goya a bayana, sannan ki ce in zuba ido ya mutu a hannuna? Tambayi unguwar nan wace ce Kande."

Oga Wilson ya buɗe baki, su biyun suka ce ya yi shiru. Dakta ta ce ba ta da zaɓi, ko dai Goggo ta bar masu tef su mutu, ko ta ajiye makulli. Goggo ta kwance makullin daga bakin zani ta ɗora a tebur ta sauka. Ni kuma na tarar awarata ta zama gawayi.

A gida ta kwanta ta juya wa duniya baya. Tuwo ba ta ci ba. Na ce, "Goggo, abin da ko ido ba ya gani." Ta ce in fita mata daga ɗaki, ɗakin da ni ma nan nake kwana.

Washegari da yamma sai ga Dakta a gidanmu, ta tsallako kwatar ƙofar gida da takalminta mai tsini. Ta durƙusa ta gaida Goggo yadda ya kamata. Ta ce laifinta ne da ba ta yi bayani tun farko ba. Sannan ta ce, "Mama, kin taɓa ganin wanda kansa ta kama?"

Goggo ta ce ta gani. Mairama mai koko, ta ɗakin ƙarshe. A nono abin ya fara mata. Goggo ce take wanke mata ciwon har ranar da 'yan'uwanta suka zo suka tafi da ita Zariya, ba ta dawo ba.

Dakta ta ce, "To irinsu ne. Ba sa jin an ƙoshi, ba sa jin a tsaya. Haka suke yi a jikin mutum, su yi ta ci suna haihuwa har su gama da shi."

Goggo ta tashi zaune. "Irin su Ɗanlami ne suka ci Mairama?"

"Irinsu."

"Shi ya sa ɗan banzan ba ya ƙoshi." Ta fara laluben mayafi. "Badi, ɗauko min ruwan bilic ɗin nan na bayan ƙofa. Yau zan gama da su gaba ɗaya."

Sai da muka riƙe ta mu biyu. Dakta tana ta roƙo, "A'a Mama, marasa tef dole su rayu, in ba su ba da me zan gwada? Kuma bilic kowa yake kashewa, har mai ciwon." Da ƙyar Goggo ta zauna. Ta ce ita wannan aiki ba ta taɓa jin irinsa ba, a raina rabi a kashe rabi, kuma duk a akwati ɗaya suna kallon juna. Amma ta miƙa hannu ta karɓi makullin.

Lahadin da ta biyo baya ta ce in raka ta, don ba ta yarda da kanta ba. Ta ba marasa tef abinci tsaf. Sannan ta tsaya gaban akwatin a buɗe tana kallon masu tef. Na ce, "Goggo, rufe." Ta ce bari ta leƙa kawai. Na ce ba leƙe. Ta ce ko ɗan kaɗan ta rage musu ruwan, ba wanda zai sani. Na cafke bakin zaninta na ce wallahi in ta taɓa sai na kwance shi na jefa ta taga, ta koma gida a haka. Ta zage ni, ta zagi awarata, ta ce tun ina goye ta san ba ni da imani. Amma ta rufe akwatin. A matakala ta tsaya ta share ido, ta ce sifirit ne ya shiga.

Litinin muka taru a bakin ɗakin duhu, har mai kyamis. Dakta ta daɗe a ciki, muna jin 'yar na'urar ƙirgarta tana ƙas, ƙas, ƙas. Sai muka ji ihu. Ta fito ba tabarau tana tsalle, ta rungume Oga Wilson, ta tuna, ta sake shi. Marasa tef kore shar. Masu tef kuwa ja ya fi yawa, sai 'yan kore jefi-jefi masu taurin kai. Tana haki tana cewa kar mu je mu ce an samu magani, kwalba ba mutum ba ce, sai an maimaita an sake maimaitawa, tafiyar da nisa. Ni dai na riga na leƙa ta taga na faɗa wa wani mai lemo a ƙasa.

Goggo ta ce a ba ta wuri. Ta shiga ta sa ido a madubin ta daɗe. Da ta fito ba guɗa. Ta ce, "Allah ya sa a dace, Likita," ta ɗauki mayafinta.

Ina tashi daga awara na tarar ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, ta sa an soya ƙosai ana raba wa yara, ta zauna da carbi. Na ce, "Goggo, mene ne haka? Su ne fa suka ci Mairama." Ta ce ta sani, kuma ba ta ce a fasa ba. Amma bayan da ya goyi abu ba ya tashi ya kaɗe zani kamar ba a yi ba.

Kafin la'asar gida ya cika, don a unguwarmu in aka ga tabarma da carbi ba a tambaya, zama ake. Iliyasu mahauci, abokin marigayi Baballe, ya zo ya durƙusa ya yi gaisuwa mai tsawo. Sannan ya sassauta murya ya ce, "Wa aka rasa?"

Goggo ta ce, "Na wurin aiki ne."

"Namiji ko mace?"

"Ba su kai a gane ba."

"Su? Su nawa ne?"

"Likita ta ce sun fi mutanen unguwar Mushin yawa."

Iliyasu ya zame ya zauna daɓas. Ya dube ni, na ɗaga kafaɗa. Ya ce, "A hannunki, Kande?"

Goggo ta ja carbi ɗaya, ta ce, "A hannuna. Ina gani na bari." Sai ni na tashi na yi musu bayanin kore da ja, rabinsu suka gane, rabi suka tafi suna cewa asibiti ya ƙone.

Ana cikin haka sai ga okada ya tsaya, Dakta ta sauko da kiret ɗin lemo a cinya, ta zo a yi murna. Ta ga tabarma, ta ga fuskoki. Ta ajiye kiret ɗin a bayan ƙofa a hankali, ta cire takalmi, ta ja gyalenta ta rufe kai, ta zauna a gefen Goggo.

"Sannu da haƙuri, Mama."

"Haƙuri sai Ma'aiki."

Can Dakta ta ce, ƙasa-ƙasa, "Gobe za ki zo?"

Goggo ta harare ta. "In ban zo ba wa zai ba marayun abinci? Wilson?"

Ta juyo ta ce in buɗe wa baƙi lemon nan tun bai huce ba, kuma in kawo mata mai sanyin ciki.